Motar dare daga Istanbul zuwa Kapadokiya: wace kujera, wane abinci?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Istanbul, ina so in yi hutun kwana biyar a Kapadokiya da jakar goyo kawai. Abokaina sun ce in hau jirgi, ni kuwa ina ganin motar dare za ta rage min kuɗin otal. Wanne ya fi?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafinka ya yi, amma akwai abin da ka manta a ciki. Daga Istanbul zuwa Göreme, garin da baƙi suka fi sauka a yankin Kapadokiya na tsakiyar Turkiyya, kimanin kilomita 750 ne, mota kan ɗauki awa 10 zuwa 12. Jirgi zuwa Kayseri ko Nevşehir, biranen da ke da filin jirgi kusa da Göreme, bai kai awa ɗaya da rabi a sama ba, sai dai ka ƙara kuɗin zuwa filin jirgi, da kuɗin jaka idan tikitin mai araha ne, da motar da za ta kwaso ka daga Kayseri, tafiyar kusan awa guda. Idan aka haɗa duka, yawanci mota ta fi sauƙi. Inda ake yin asara shi ne safiya. Motar za ta sauke ka wajen ƙarfe bakwai ko takwas, otal kuma ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyu na rana. Wanda bai runtsa ba a hanya zai yini yana gyangyaɗi a kan benci, kwana ɗaya cikin biyar ɗinsa ya tafi a banza. Saboda haka ka rubuta wa masaukin tun kafin ka tashi, ka tambaya ko za su karɓi jakarka da safe su bar ka ka watsa ruwa. Ƙananan masaukai da yawa suna yarda. Idan ka san kai ba ka iya barci a zaune, tafi da mota ka dawo da jirgi, kada ka haɗa wa kanka dare biyu.

Tikiti kuwa saye shi ta Obilet, shafin sayar da tikitin motoci a intanet, ko shafin kamfanin, da lambar fasfonka. Kamil Koç da Metro Turizm suna cikin manyan kamfanonin ƙasar, akwai kuma na yankin kamar Nevşehir Seyahat. Ba za mu faɗi farashi ba, don kuɗin lira ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan tafiyar ta faɗo kusa da ƙaramar salla ko babba, saya da mako biyu ko fiye, domin a lokacin kowa gida yake nufa.

Abu biyu kan rikita baƙo. Babbar tashar motoci ta Istanbul ana kiranta Esenler, amma idan ka hau jirgin ƙasa na layin M1 daga Yenikapı ko Aksaray, a tashar da aka rubuta Otogar za ka sauka. Wadda aka rubuta Esenler wata ce daban. Na biyu, motoci da dama a Nevşehir suke tsayawa, sai a zuba fasinjojin Göreme a ƙaramar mota. Ka tabbata Göreme aka rubuta a tikitinka, kuma idan an sauke ku, yaron motar za ka tambaya ina ƙaramar motar take. Duk wanda ya taso da fara'a ya kama jakarka yana cewa ka biyo shi ofis, yawon buɗe ido yake son sayar maka.

Tambaya: Ni mace ce, kuma ni kaɗai zan yi tafiyar. Wace kujera zan zaɓa, me zan riƙe a hannu?

Amsa: Hajiya, a nan tsarin Turkiyya ya yi miki daidai. Wajen sayen tikiti ana tambayar mace ce ko namiji, kuma ba a saba zaunar da mace kusa da namijin da ba tare suka sayi tikiti ba. A taswirar kujeru za ki ga launi daban na mata da na maza. Duk da haka, nemi motar da aka rubuta 2+1, wato kujera biyu a gefe ɗaya, guda ɗaya a ɗaya gefen. Ɗauki mai zaman kanta ɗin, suna ce mata tekli. Ta ɗan fi tsada a wasu kamfanonin, amma ba mai jingina da kafaɗarki cikin dare.

Guji layin ƙarshe. Inji yana ƙarƙashinsa, yana jijjiga, kujerar kuma ba ta kwantawa sosai. Layin farko ma fitilun motocin da ke tahowa ba za su bar ki ki yi barci ba. Kusa da ƙofar tsakiya sanyi ne ke shigowa duk lokacin da aka buɗe. Daga layi na uku zuwa na shida ya fi daɗi.

Babbar jaka tana shiga ƙasan mota, a ba ki ɗan tikitin kaya. Adana shi, da shi za ki karɓa. Fasfo da katin zama da kuɗi da waya su kasance a ƙaramar jaka a jikinki, domin jami'an tsaro kan tsayar da mota su duba takardu, wani lokaci tsakar dare, kuma ba kya son a jira ki kina tonon jaka a gefen titi. Ki riƙe rigar sanyi da safa ko da rani ne: Kapadokiya tana kan tudu sama da mita 1,000, asubarta na da sanyi, ga na'urar sanyaya motar. Mai zuwa da caja daga Najeriya ya nemi mahaɗi mai baki biyu zagayayyu, soket ɗinsu ke nan. 'Yan Nijar irinsa suke amfani da shi a gida. Mai jin amai a mota ya sha maganin hana amai mai suna dimenhydrinate rabin awa zuwa awa guda kafin a tashi, yana kuma sa barci.

Galibin motocin ba su da banɗakin da za a dogara da shi. Ana tsayawa duk bayan awa uku ko huɗu, minti 20 zuwa 30, sunan tsayawar mola. Kafin ki sauka ki tambayi yaron motar, wanda suke kira muavin, "kaç dakika?", wato minti nawa, ki kuma ɗauki hoton lambar motar. A wurin hutun za ki tarar da motoci goma farare iri ɗaya a jere, ga ki da magagin barci. Banɗaki na kuɗi ne a wurare da yawa, riƙe canji. Kusan kowane wurin hutu yana da masallaci, an rubuta mescit, da ɓangaren mata da wurin alwala. Ki fara da banɗaki da salla, shayi ya zo daga baya, tunda a cikin motar ma muavin yana turo ɗan keke yana raba shayi da ruwa da biskit kyauta.

Tambaya: Ina son ɗanɗana abincinsu na gaske, ba na otal ba, amma ina tsoron ɓacin ciki a hanya. Kuma yaya batun halal?

Amsa: Malam, batun halal da sauƙi. Naman alade ba kasafai ake ganinsa a gidajen abincin Turkiyya ba, sunansa domuz idan kana son tabbatarwa. Abin lura shi ne abin sha. Ayran nono ne tsinkakke da gishiri, babu sukari, kuma shi ne abokin gasasshen nama. Rakı kuwa giya ce, idan an zuba mata ruwa sai ta koma fari kamar madara. A gidan kifi da dare, farin abin da ke cikin siririn kofi a teburin maƙwabcinka ba lallai nono ba ne, kada ka nuna shi ka ce a kawo maka irinsa.

Abincin gaske yana esnaf lokantası, gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a. Tukwane ne a jere bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka. Je tsakanin sha biyu da biyu na rana, lokacin da abinci ke fita da zafinsa. Da yamma abin da ya rage ya daɗe a kan ɗumi, a nan ciki ke ɓaci. Akwai wata dabara mai amfani: ka ce "az", ma'ana kaɗan, a ba ka rabin faranti da ragin kuɗi. Da haka za ka ɗanɗana kala uku a zama ɗaya. Fara da kuru fasulye da pilav, farin wake a miyar tumatir da shinkafa. Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba, sai dai babu yaji, ka nemi pul biber a kan teburin ka barbaɗa.

Amma kada ka ci waken nan a daren da za ka hau mota, ka tausaya wa kanka da na kusa da kai. Ranar tafiya ka ci babban abincinka da rana. Da dare ya ishe ka mercimek çorbası, romon adas (wani ƙaramin wake) mai kauri da ake matsa wa lemun tsami, da burodi. Sayi simit biyu, burodin nan zagayayye mai riɗi, ka sa a jaka, yana kaiwa safe bai lalace ba. Abincin wuraren hutu ya fi na gari tsada, kuma a cikinsa romon adas ɗin ne ya fi aminci don kullum yana kan wuta.

Abubuwa biyu na titi su jira ranar da ba ka da tafiya. Kokoreç hanjin rago ne da ake nannaɗewa a ƙarfe a gasa, a daddatsa da yaji a cusa a burodi. Yana da daɗi, amma sai inda ake layi kuma aka yanka maka daga kan wuta. Midye dolma wata halittar teku ce mai ɓawo biyu da ake cika ta da shinkafa, ana sayarwa a faranti da sanyinta. Kayan teku da dafaffiyar shinkafa da suka yini a waje cikin zafi, babu abin da ya fi su saurin kawo gudawa. Mu dai shawararmu, a shago mai firji ko kuma a haƙura.

A Kapadokiya kowa zai ce maka testi kebabı: nama da tumatir da tattasai da tafarnuwa a cikin ɗan tulun yumɓu, a toshe bakin, a dafa na awanni, sannan a fasa wuyan tulun a gabanka. Na kirki sai ka yi oda tun da rana. Idan an kawo maka shi cikin minti goma sha biyar, dafaffen nama aka juye a tulu aka ɗumama, kuɗin fasawa ka biya. Duba cokalin farko da kyau, ɓarɓashin yumɓu kan faɗa ciki. Idan hanya ta bi da kai Kayseri, ci mantı, ƙananan ƙullin fulawa da nama a ciki, ba su kai girman ɗanwake ba, ana zuba musu kindirmo mai tafarnuwa da man shanu mai jan barkono.

Ruwa kuwa, sha na gora, su kansu mutanen Istanbul galibi shi suke sha. Idan duk da haka ciki ya ɓaci, haɗa ruwa mai tsabta lita ɗaya da sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka riƙa kurɓa. Maganin da ake kira loperamide yana tsayar da gudawa har ka ƙarasa tafiya, amma kada ka sha shi idan akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida, wannan aikin likita ne. Kantin magani sunansa eczane, da jan harafin E a ƙofa. Da dare ko ranar Lahadi, duba takardar da ke manne a jikin gilashin wanda ya rufe, za ka ga adireshin nöbetçi eczane, wato mai aikin kwana a unguwar. Lambar gaggawa 112 ce.