Mai jego ta rikice, dangi sun ce iska ce

'Yata, tambayarki ita ce: kina aiki a asibiti, ga mai jego kwana biyar da haihuwa, ba ta barci, sai surutai, ta ƙi ba jariri nono. Uwarta da surukarta sun ce iska ce ta shige ta wurin wanka, a sallame ta su kai wa malam. Me za ki yi?

Kada ki buɗe baki da musu a kan aljanu. Ko kin fi su hujja, tabarmarsu za su naɗe su tafi da ita, ita ce kuma za ta cutu. Fara da awo. Zafin jiki digiri 38 ko sama, ga jinin biƙi yana wari, ƙwayar cuta ce ta shiga mahaifa. Hawan jini 140/90 da ciwon kai da ganin dishi-dishi, ki sa ran jijjiga, domin tana zuwa ko bayan an sauka. Sukarin jini ƙasa da 3.9 mmol/L na iya rikita mai hankali. Ki duba cikin ido ko jini ya yi ƙasa, a yi gwajin maleriya, ki lura da haki da kumburin ƙafa, musamman in ana ɗura mata kunun kanwa da wankan ruwan zafi safe da yamma, tun da zuciyar mai jego kan gaza. Duk waɗannan suna sa surutai, kuma wasunsu kan kashe kafin gari ya waye. Sai likita ya kawar da su za a ce taɓin hankali ne na bayan haihuwa, wanda ke kama mace ɗaya zuwa biyu cikin dubu, galibi a makonni biyun farko. Ya bambanta da kuka da ƙuncin da mata da yawa ke yi kwana uku zuwa biyar da haihuwa, wanda ke wucewa da kansa.

Wurin tambaya ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ki ce wa Bahaushiya ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ke kuma ki rubuta a kati cewa ba ta cikin hayyacinta. Kunya ce. Tambaye ta ina muke nan, wace salla aka yi ɗazu, yau kwana nawa da haihuwa. Haka mai haihuwar fari da ke kau da kai daga jaririnta a gaban surukai, wataƙila kara take yi. Aiki surukar karɓo magani, ki ja labule, ki tsaya gefe ki gani: mai kunya za ta jawo ɗanta ta gyara masa zani, mai ciwo kuwa kallonsa take da tsoro, ko ta ce ba nata ba ne, an musanya. Sannan ki sassauta murya ki tambaye ta kai tsaye: kina jin muryoyi? Me suke cewa game da yaron? Kin taɓa jin gara ki mutu ki huta? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ta amsa e, ba a barin ta ita kaɗai da jariri ko na shiga banɗaki, a kwashe reza, wuƙa da magunguna daga gefen gado, a kira likita a lokacin.

Sai dangi. Gano wanda maganarsa ke yanke hukunci, miji ne ko mahaifinsa, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki bar su su gama bayani. Ce musu: “Baba, addu'a ba ta hana magani. Malam ya zo nan ya yi mata karatu, mu ma mu yi namu.” Hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta sun san shi, tunatarwa kawai za ki yi. Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa da ya buɗe tsarin jinyar masu taɓin hankali a ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, da dangi da masu maganin gargajiya ya yi aiki.

Tofi, ruƙiyya a hankali, rubutu da ruwa mai tsabta ga wadda ke iya haɗiya, duk ki bari. Amma ki tsaya da ƙafarki ki hana duka, ɗauri da igiya ko sarƙa, hayaƙi a ƙarƙashin bargo, ɗura abu a hanci, da jiƙon da ba a san haɗinsa ba. Wadda ba ta farke sosai ba, ko ruwa ba a ba ta ta baki, zai sarƙe ta ya tafi huhu.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe: in an fara mata haloperidol, maganin taɓin hankali, gaya wa dangi tun kafin su gani cewa wuya na iya murɗewa, ido ya kafe sama, harshe ya zazzago. In ba ki faɗa ba, za su ce ga aljanin ya bayyana, allura ta fusata shi, su ɗauke ta cikin dare. Illar magani ce, likita yana warware ta da benzhexol ko allurar promethazine.

In ta lafa, a tura ta asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko na Maiduguri. Ki faɗa wa mijin a gabanta cewa yawanci ana warkewa, amma ba a yanke magani don an ga sauƙi, kuma ciwon kan dawo a haihuwa ta gaba, don haka ranar da ta je awon ciki na farko ta nuna wa ungozoma katin nan.