Tabarau mai kwamfuta da na'urar da ake dasawa a jiki: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, ni mai gyaran waya ne a kasuwar Dole. Samari na zuwa suna cewa in sa musu AR a waya, wasu kuma na cewa tabarau zai kori waya nan ba da jimawa ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Allah ya sa albarka a sana'a. Ai ka daɗe kana ganin AR, suna ne kawai ba ka sani ba. Yarinyar da ta buɗe Snapchat, rawani ko fure ya hau kanta, ta juya kai ya bi ta, to shi ke nan. Kwamfuta ce ke ɗora hoto a kan abin da kyamara ke gani a zahiri. Kyamarar tana kama wasu alamomi, kamar kusurwar tebur ko bakin tabarma, sannan wasu ƙananan na'urorin jin motsi da ke cikin wayar suna faɗa mata ko an karkata ko an matsa. Shi ya sa hoton ke tsayawa a wurinsa. Wasan Pokémon Go ne ya yaɗa abin a duniya a 2016.

Don wasu manhajojin AR, wayar Android tana buƙatar manhajar Google mai suna ARCore, kuma da yawa daga cikin wayoyi masu araha ba sa ɗaukarta. In ta ƙi hawa, kada ka wahalar da kanka, ba hannunka ba ne.

Batun tabarau kuwa, a yi haƙuri tukuna. Google ya gwada nasa tun 2013 bai karɓu ba. Vision Pro na Apple ya fito a 2024 kan dala 3,499, wajen sefa miliyan 2, batirinsa kuma awa 2 zuwa 3 yake yi. Ka auna wannan da zafin Damagaram a watan Afrilu da yadda ake ɗauke mana wuta. Inda nake sa rai shi ne wayar da ke hannunmu. Ka ɗauka almajirinka ya ɗora kyamara kan wayar da ya buɗe, kibiya ta nuna masa ƙusar da zai fara kwancewa. Ko baƙo ya tsaya gaban fadar Sarkin Damagaram, tarihin ginin ya bayyana masa da Hausa. Amma wannan tarihin sai mu muka rubuta shi muka saka, ba wanda zai taso daga Amurka ya yi mana.

Tambaya: Ina karatu a Jami'ar André Salifou. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki bara. Na ji an dasa wa wani na'ura a ƙwaƙwalwa ya samu sauƙi. Za ta yi wa Baba amfani?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Zan gaya miki gaskiya ko da ba ita kika so ji ba. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink na Elon Musk ya dasa wa Noland Arbaugh na'ura a ƙoƙon kai, mai siraran zaruruwa da ke sauraron siginar ƙwaƙwalwa. Mutumin ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa tun 2016. Da tunani kawai yake motsa kibiyar kwamfuta, har yana buga wasan dara na Turawa. Babban abu ne, amma bai tashi ya yi tafiya ba. Na'urar ba ta warkar da jijiya, hanya ce ta ba shi ya sarrafa kwamfuta. Har yanzu gwaji ne, kuma bayan 'yan makonni wasu zaruruwan sun zame daga mazauninsu.

Haɗa jiki da na'ura ba sabon abu ba ne. Tun 1958 aka dasa wa wani mutum na'urar daidaita bugun zuciya a Suwidin, ana kuma dasa wa kurame na'urar ji shekaru da dama. Abin da ke damuna shi ne wa zai kula da ita bayan an dasa. Kamfanin Second Sight ya sa wa makafi sama da 350 na'urar gani a ido, daga baya ya daina ƙera ta, aka bar su da kayan da in ya lalace babu mai gyara. Waya in ta mutu sai a kai ta kasuwa. Wadda ke cikin kai fa?

Ku riƙe motsa jikin da likita ya tsara wa Baba da maganin hawan jini in an rubuta masa. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi zai samo muku wannan na'ura, ɗan damfara ne.

Tambaya: Daga unguwar Birni. Gaskiya ne ana sa wa mutum na'urar bin sawu ta allurar rigakafi?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, Alhaji. Akwai wata mai girman ƙwayar shinkafa da wasu a Suwidin ke sawa a hannu da son ransu don buɗe ƙofa. Ba ta da batiri, sai an kusanto da ita dab da na'urar karantawa take aiki, kuma ba za ta shige ta bakin allurar rigakafi ba. Mai bin sawunka tana aljihunka. Shiga saitin wayarka yau, ka duba manhajojin da ka ba izinin ganin inda kake da na kyamara, ka kashe wa duk wadda ba ta buƙata.