Wani ya ce zai shigar da iyalina fadar shugaban ƙasa in na biya shi, in tura kuɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Funtuwa. Ina so in kai maiɗakina da yara huɗu Abuja a hutun makaranta, su buɗe ido. Wani abokin ƙanina ya ce yana da mutum a Villa, wato fadar shugaban ƙasa, in na tura masa kuɗi da hotunan katin NIN ɗinmu zai shigar da mu har yara su yi hoto a ciki. Hankalin uwar yaran bai kwanta ba, ni ma na fara ɗar-ɗar. In tura?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada ka tura ko sisi, katin ma ya zauna a aljihunka. Hajiya ta riga ka gano bakin zaren.

A aikinmu na shirya wa iyalai da makarantu tafiye-tafiye, babu maganar da ta ishe ni kamar wannan ta "ina da mutum a ciki". Fadar da ke gindin dutsen Aso ofis ne kuma gidan shugaban ƙasa, sojoji da 'yan sanda da jami'an DSS ke gadinta, kuma ba a sayar da tikitin shigarta a ko'ina. Wanda zai shiga, an gayyace shi ne, sunansa na hannun masu tsaro tun kafin ya iso. To ta yaya abokin ƙaninka zai wuce waɗannan shingaye da mutum shida a mota? Abin da ake yi shi ne a karɓi kuɗin, ranar tafiya a ce "Oga ya yi tafiya, a dawo Litinin", daga nan waya ta daina shiga. Wannan ma da sauƙi, kuɗi ne kawai. Katin ya fi damuna. Da lambar NIN ake rajistar layin waya, kuma wanda ya riƙe taka da ta iyalinka zai iya aikata abin da za a zo ana neman ku a kansa, kuna zaune a Funtuwa ba ku san hawa ba, ba ku san sauka ba.

Akwai kuma wanda ba ya biyan kowa, sai ya ce ai gidan gwamnati na kowa ne, ya faka mota kusa da shinge, ya fito da waya ya jera yara. Haba! Ko kusa da bariki, ko ofishin jami'an tsaro, ko ofishin jakadanci, ko shingen bincike, kada kowa a motarka ya ɗaga waya. Sojan da ke wurin bai san kai baƙo ba ne, mota yake gani ta tsaya inda ba a tsayawa, ana ɗaukar ƙofar da yake gadi. In an yi sa'a a sa ka goge hoton. In ba a yi ba, a karɓe wayar, a zaunar da kai awanni ana tambayoyi, yara na kuka cikin rana. Ka ja wa babban yaronka kunne musamman, domin yawanci daga kujerar baya ake yin ɓarnar, an sauke gilashi ana bidiyon TikTok.

Majalisar Tarayya takan karɓi baƙi, musamman ɗalibai, su zauna a wurin 'yan kallo, amma sai an rubuta wasiƙa an samu izini. Wasiƙar kuwa tana iya kwana a tebur har hutun ya ƙare, in ba ka da mai bin sawunta. Ga iyali, ban ga ribar wannan wahala ba. Ku wuce ta titin Shehu Shagari, yara su ga Dandalin Eagle, su hango koren ƙubbar Majalisa da dutsen Aso daga cikin mota.

Abin gani bai ƙare ba. In da mota kuka biyo hanyar Kaduna, dutsen Zuma zai tarbe ku wajen Madalla; ka ba yara tsohuwar takardar naira 100 su gwada da hoton da ke jiki, ka kuma faɗa musu a Jihar Neja yake, ba cikin Abuja ba. Ku yi Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa, amma ku je da wuri saboda wurin ajiye mota. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 2003, yana da ciyawa da filin da yara za su yi gudu. Akwai gidan namun daji na yara a Asokoro, da tafkin Jabi. A tafkin, ban yarda yaro ya hau kwale-kwale babu rigar ruwa ba, ko mai jirgin ya rantse.

In jirgin ƙasa za ku hau daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu, a nan kam ana neman NIN wajen sayen tikiti, sai dai ka saya da kanka, ba ta hannun 'yan bumburutu ba. Cikin gari an hana acaba tun 2006, don haka mota za ku nema. Kada ku tare tasi a bakin titi don kun ga koren fenti, 'yan fashin da ake kira wan-cans ma suna da fenti, har da fasinjojin bogi a ciki. Ku kira ta manhajar Bolt ko Uber, ko masaukinku ya haɗa ku da direban da ya sani, ku yi cinikin yini guda, ya dawo da ku kafin Magariba.