Tambaya da Amsa: Ɗalibaina 'Ya'yan Baƙi Suna Tsoron Zuwa Makaranta

TAMBAYA: Ina koyarwa a wata makarantar firamare ta gwamnati a Amurka. Kusan rabin ajina 'ya'yan baƙi ne, ba da Turanci ake magana a gidajensu ba. Tun da aka tsananta kamen baƙi wasu suka rage zuwa, wata yarinya mai yawan surutu kuma ta yi shiru. Wani yaro ya tambaye ni ko za a zo a kama su a aji, na rasa abin da zan ce masa. Me ya kamata in yi? Daga wata malama.

AMSA: Malama, bari in fara da yaron nan. Abin da ke fara zuwa bakin babba shi ne, "Kwantar da hankalinka, ba abin da zai faru." Kada ki faɗa masa haka. Ba a hannunki abin yake ba, kuma mai yiwuwa ya riga ya ji labarin wanda aka tafi da shi a unguwarsu. Ranar da alkawarinki ya tashi a banza, daga ranar ya daina kawo miki damuwarsa. Faɗa masa abin da yake gaskiya: doka ta ba shi damar zama a wannan aji, ke ba ki tambayar takardun kowa, kuma idan an tashi ba a miƙa shi ga kowa sai wanda iyayensa suka rubuta sunansa.

Maganar doka tana da tushe mai ƙarfi. A 1982, a shari'ar Plyler da Doe, Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar Texas, ta ce ba a hana yaro karatun gwamnati kyauta don ba shi da takardun zama. Dokar FERPA ta 1974 kuma ta hana makaranta fitar da bayanan ɗalibi ba da yardar iyaye ba, sai a wasu 'yan wurare, kamar idan kotu ta ba da umarni. Abin da ya canza shi ne, tun 2011 hukumar ICE, mai kama baƙi marasa takardun zama da fitar da su daga ƙasar, tana da ƙa'idar kauce wa kame a makarantu da asibitoci da wuraren ibada, sai aka janye ƙa'idar a Janairun 2025. Saboda haka tsoron iyayen nan yana da dalili, kada kowa ya ɗauke shi jahilci.

Duk da haka, janye ƙa'idar bai buɗe ƙofar aji ba. Akwai takardar izinin da alƙali ya sa wa hannu, akwai kuma wadda jami'in ICE ya sa wa hannu da kansa, kuma ta biyun ba ta tilasta wa makaranta barin kowa ya shiga inda ba na jama'a ba. Tantance su ba aikinki ba ne. Naki shi ne ki je wurin shugaban makaranta ki nemi ganin tsarin da aka rubuta: wa zai tarbi jami'i, ina zai jira, wa zai kira lauyan hukumar ilimi, wa zai sanar da iyaye. In babu tsarin, ki matsa a rubuta, kuma a tabbata ma'aikatan ofishin gaba sun san shi, domin su ake fara tararwa.

Akwai wata takarda da ake rainawa, ita ce ta sunayen waɗanda za a kira idan wani abu ya taso. Ranar 7 ga Agusta 2019 jami'ai sun kama ma'aikata kusan 680 a masana'antun sarrafa kaji na jihar Mississippi, daidai lokacin da yara suka koma makaranta, wasu yaran aka tashi babu mai ɗaukarsu. Ki sa a sabunta wannan takarda da sunaye uku ko huɗu. Amma a raba wa dukan aji, ba 'ya'yan baƙi kaɗai ba. Da zarar kin ware wasu, kin nuna su da yatsa ke nan. Kuma kada ki yi hasashen matsayin kowa daga sunansa ko harshensa: da yawa cikin yaran nan a Amurka aka haife su, 'yan ƙasa ne, tsoronsu na uwa ne ko uba.

Sai yarinyar da ta yi shiru. Sabon mai koyon harshe kan yi watanni yana saurare kafin ya buɗe baki, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma ita da tana magana ta daina, to ba Turanci ne matsalarta ba. Masanin ilimin harshe Jim Cummins ya nuna cewa yaro kan kama harshen hira cikin shekara 1 zuwa 2, harshen karatu kuwa sai shekara 5 zuwa 7. Wannan na biyun, da bai gama zama ba, yana iya kuɓucewa idan hankali ya rabu, sai ki ga yarinyar da ta iya darasi jiya ta kasa haɗa jimla yau. Kada ki rage mata nauyin aiki don tausayi, hanyar amsawa za ki faɗaɗa mata. Ta zana, ta nuna, ta fara rubutawa da harshen gidansu, ta tattauna da ƙawarta kafin ta faɗa da Turanci. Ki riƙe tsarin yini yadda yake, in za a sauya wani abu ko wani baƙo zai shigo ki sanar tun da safe. Idan shirun ya ɗauki makonni, ko ya zo da kuka da ciwon ciki da rashin barci, ki haɗa ta da mai ba ɗalibai shawara na makarantar. Kada ki tsare ta da tambayoyin abin da ke faruwa a gida, in ta faɗa da kanta ki saurara, kada kuma ki rubuta matsayin iyayenta a kowace takarda.

Waɗanda suka rage zuwa kuwa, kafin komai ki binciki irin wasiƙar da ofis ke aika wa gidajensu. Wasiƙun fashin makaranta sukan ambaci kotu da tara, kuma iyayen da ke cikin fargaba suna ganin kalmar kotu za su ƙara kulle ƙofa. Ki roƙa a dakata da ita, ki kira su ta waya da tafinta babba. Haƙƙinsu ne makaranta ta yi musu bayani da harshen da suke ji, kuma bai dace a sa ɗan shekara 8 ya fassara wa mahaifiyarsa maganar kame ba. Ki gaya musu an yi kewar yaron, ki tambayi abin da ke hana shi zuwa. Sau da yawa hanya ce suke tsoro, ba ajin ba, kuma wannan ana magance shi da motar makaranta ko wani maƙwabci amintacce da zai riƙa rako yaran. Idan suka tambaye ki game da shari'arsu, kada ki ba da fatawa, ki ba su lambar ƙungiyar lauyoyi masu taimaka wa baƙi kyauta da ke kusa da ku.