Kafin ka dasa shayi a Mambila, ka fara sanin ƙasarka

Ɗana, ka ce ka samu fili kwatan hekta a wajen Gembu, kana so ka sa shayi a gangaren, ka kuma ƙawata bakin gida da furanni. Tambayarka biyu ce: ta ina za ka fara, kuma me ya sa 'yan tsiron da ka gwada a bayan ɗakin girki suka yi rawaya suka ƙi tashi.

Na biyun zan fara amsawa, domin a nan yawancin masu farawa suke asara. Shayi ƙasa mai tsami yake so, wadda pH ɗinta, wato ma'aunin tsamin ƙasa, yake tsakanin 4.5 da 5.5. Toka kuwa tana kashe tsamin ƙasa. Bayan ɗakin girki, tsohon kufai, wurin da aka ƙona shara, tsohon zangon shanu, duk waɗannan ba wurin shayi ba ne ko da ka ga ƙasar baƙa wuluk. A irin wannan wuri saiwa ba ta iya jan abincinta, sabon ganye ya fito fari-fari, jijiyoyinsa kore. Ƙara taki ba ya gyara wannan. Ka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a wurare uku ko huɗu na filin. In ka tarar da jar ƙasa mai laushi har ƙasa, ba dutse, kuma ruwa bai kwanta a ramin ba bayan an yi ruwan sama, wurin ya yi. Ka ɗebi ƙasar ka kai a gwada. Akwai tashar CRIN, cibiyar gwamnati mai binciken koko da shayi, a Kusuku, kusa da gonar shayin Kakara, kuma aikinsu ke nan.

Sharar fili aikin rani ne. Ka tone kowane kututture da saiwoyinsa, kada ka bar ko ɗaya. Ruɓewar saiwa daga tsohon kututture take tashi, ta bi ƙarƙashin ƙasa, bayan shekara biyu ko uku ka ga bishiyoyi suna mutuwa a zagaye, ka rasa dalili. Kada ka tara ciyawa ka cinna wuta a cikin filin. Layukanka su ratsa gangaren a kwance, kada su bi shi daga sama zuwa ƙasa, ka kuma yi magudana a saman filin, don ruwan Mambila ba ya wasa da ƙasar da aka buɗe. Shinge kuwa kafin dashe ake yin sa, saboda shanu. Bishiyar turare da ta cika tsaunin nan ka nisanta ta da gonar, tana shanye danshi.

Reno shi ne aikin da yake son hannu mai sanyi. Da reshe ake yaɗa shayi mai kyau, daga bishiyar da aka san irinta. Ka yanki ganye ɗaya da ƙwayar tohonsa, ka bar kara santimita 3 zuwa 4 a ƙarƙashinsa, daga tsakiyar reshen da ya fara ƙwari amma bai zama itace ba. Yankan ya shiga bokitin ruwa nan take. Ledar reno mai tsawon santimita 25, ka cika kashi uku cikin huɗu da ƙasar sama, kashin sama da jar ƙasar cikin rami wadda ba taki a cikinta. Dalili shi ne a ƙasa marar taki yanka yake fid da saiwa. In ka sa shi a mai taki, gindin ya kumbura ya ruɓe. Ganyen kada ya taɓa ƙasa. Ka jiƙa, ka rufe da farar leda a ƙarƙashin rumfar ciyawa. Muddin kana ganin raɓa a jikin ledar daga ciki, danshi ya isa. Bayan wata uku zuwa huɗu ka fara ɗaga ledar kaɗan-kaɗan, sannan ka riƙa rage inuwa. Tsiro yana cin wata 8 zuwa 12 kafin ya kai santimita 20 zuwa 30, wato abin da ka yanka daminar bana, na dashen baɗi ne.

Dashe sai ruwa ya zauna sosai, ba a ruwan fari ba. Tazara mita 1.2 tsakanin layi, santimita 60 tsakanin tsiro. Kwatan hekta zai ci tsiro kusan 3,500, ka kuma ajiye ɗaya cikin goma don cike gurbi. Rami zurfin santimita 45, ka gauraya ƙasarsa da takin zamani na fosfet da ake kira SSP kamar giram 30. Yuriya ba ta shiga rami, tana ƙona saiwa. Ka tsaga ledar a hankali ƙasar kada ta watse, ka danne da hannu, ka shimfiɗa ciyawa amma ka bar tafin hannu tsakaninta da karan, in ba haka ba ka kira gara.

Sai abin da yake yi wa mai koyo ciwo: datse tsiron da ya sha wuyar renonsa. In karan ya kai kaurin fensir, ka yanke shi a santimita 15 daga ƙasa. Ya sake tasowa ka datse a wajen 30, daga baya a 40, sannan ka fara tsinke kan toho a 50 har saman bishiyoyin ya baje daidai kamar faifai. Wanda ya ji tausayi ya bar shi ya miƙe zai samu doguwar sanda mai ganye goma. Faɗin da ka gina a shekara biyun farko shi za ka ci shekaru da dama, kuma tsinka ta sosai sai a shekara ta uku. Ganye biyu da toho ake tsinka, duk kwana 7 zuwa 10 da damina, a kwando, ba a danna shi a buhu, don yana ɗaukar zafi ya yi ja kafin ya isa ma'auni. Taki mai yawan naitirojin ake ba shayi, a raba biyu, lokacin da ƙasa take da danshi. Duk shekara uku zuwa huɗu a yi babbar datsa, a bar rassan a ƙasa su ruɓe a wurin.

Furanni ba su da wannan wuya, amma ka raba musu gida. Tokar murhu da takin shanun da ka hana shayi, ros yana son su in an sa daidai gwargwado, don haka kwaminsa ya kasance a ƙasan gonar ko gefe, inda ruwa ba zai wanko tokar cikin layukan shayi ba. Bogenbiliya ka sa ta a shinge inda rana take duka, kada ka cika mata ruwa, ganye za ta yi ta ƙi fure. In ka samu haidiranjiya, dasa biyu a bakin gonar: a ƙasa mai tsami furenta shuɗi yake fitowa, in ya fara komawa ruwan hoda, toka ta fara isowa wurin.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, toho yana raguwa, wannan ba cuta ba ce. Ka ƙara kaurin ciyawar gindi, ka shayar da 'yan shekara ɗaya da yamma, ka kuma share hanyar wuta mai faɗin mita 3 a kewayen shingen tun kafin a fara ƙunar daji.