Ki jira sanyi kafin ki binne dankalin

'Yata, saƙonki ya iso, ina fata kuna lafiya ke da maigidan. Kin ce surukarki ta hana ki shuka dankalin Turawa a jubrakarki, wato 'yar gonarki ta gida, da damina, ta kuma ce in an yanka iri sai an shafa masa toka. Kina tambaya ko camfi ne, tunda kin ga mutanen Jos suna shuka nasu da ruwan sama.

Ki bi maganar Hajiya, ta san abin da take faɗa. Jos a kan tsauni take, daminarsu da sanyi, kamar dutsen Jabal Marra na Darfur. Mu nan Mai Wurno da ku can Gadarif, a Sudan, ƙasa ɗaukar zafi take yi, shi kuwa dankali in zafin ƙasa ya doshi digiri 30 sai ya yi ta ganye, ki tona babu komai. Ga baƙar lakarmu mai riƙe ruwa, da damina irin ruɓewa zai yi tun bai tsiro ba. Shi ya sa manoman bakin Nilu, arewa da Omdurman, suke shukawa a Nuwamba su tone wajen Fabrairu ko Maris. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 dankalin Hausa suka sani, wanda ake kira bambe a nan. Na Turawan kuwa a hannun maƙwabta muka koye shi, tare da lokacinsa.

Toka kuwa busar da yankan take yi. Ɗanyen yanka in ya shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta nan ruɓa ke kama shi. Ki zaɓi wanda ya fara fid da ido. In bai wuce girman ƙwan kaza ba ki binne shi ɗungum, na fi son haka a ƙasa irin tamu. Babba ki raba shi, kowane gutsure da ido biyu, ki barbaɗa toka, ki shanya a inuwa kwana biyu.

Ki cakuɗa lakar da yashi da tsohon takin awaki, ban da sabo. Ki ja kunya, ki binne zurfin santimita 10, idon yana kallon sama, tsakanin kowane biyu kamar santimita 30. Ban ruwa ta kwarin kunya, kada ki bari ya kwanta.

Inda 'yan mata ke sakaci shi ne tura ƙasa. Da ganye ya kai taƙi guda, ki jawo ƙasa ki rufe gindin, bayan mako biyu ki ƙara. Duk ɗan dankalin da ya leƙo rana ta taɓa shi zai yi kore, kuma koren nan dafi ne, kada ya shiga tukunyarki, balle bakin yara.

Bayan kamar wata uku ganye zai yi rawaya ya kwanta. Ki ɗauke ruwa kwana goma fatar ta yi ƙwari, sannan ki tone da sassafe. A gidanmu kwanon farko na uwar miji ne, sai maƙwabta, kafin ki ɗora naki a wuta. Ki gaishe min da Hajiya da kyau.

Gwaggonki.