Amsa: Agege ko kusa da kasuwa?

Malam kana tambaya idan ka zo Legas saro kaya a kasuwar Balogun, ka sauka wurin 'yan uwa a Agege ko ka kama ɗaki kusa da kasuwa. Gaskiya ka kama ɗaki kusa, ko nan tsibirin Legas inda kasuwar take, ta wajen Obalende inda ma akwai 'yan arewa da yawa, ko ka tsallako Ebute Metta ko Yaba. Zumunci ka bari sai ka gama sari ka ɗaure kayanka ka yi webil, wato ka ba masu mota su kai maka su gida, sannan ka je Agege ku gaisa.

Dalili kuwa go-sulo ne, ba wani abu ba. Daga Agege zuwa Idumota, wato bakin kasuwar Balogun, idan ka fito ƙarfe 7 na safe ranar aiki, hanyar Ikeja da Oshodi kaɗai sai ta cinye maka awa biyu ko fi, ka isa a gajiye rana ta take, ga shi da yamma dole ka bar kasuwa da wuri don komawa, to kuɗin ɗakin da kake ganin ka rage a motocin haya na danfo da ɓata lokaci yake tafiya. Amma fa in jarin bai da kauri kuma za ka daɗe, zauna a Agege ɗin, sai dai ka sayi katin biyan kuɗin sufuri na Cowry ka riƙa hawa jirgin ƙasa na Red Line zuwa Oyingbo, daga nan mota ɗaya ce ta tsallaka da kai gadar Carter. Ka dai tambayi lokacin tashinsa tun da daddare don ba kowace awa yake tashi ba.